Masu Cutar Lupus Ba Ragwaye Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida mai albarka, ina roƙon ka ba ni fili domin in yi magana a kan wata cuta wadda akasarin mutanenmu ba su taɓa jin sunanta ba, alhali kuwa tana nan cikin gidajenmu tana kwantar da 'yan mata da matan aure a daidai shekarun da aka fi buƙatar ƙarfinsu. Likitoci suna kiranta lupus. Mu kuwa a nan muna kiranta da sunan duk abin da ta yi kama da shi a ranar: yau a ce sanyin ƙashi ne, gobe a ce taifot ce ta ƙi jin magani, jibi a ce jifa ne ko iska, in kuma an rasa abin faɗa sai a ce son jiki ne kawai. Wannan zargi na ƙarshe shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni malamin makarantar sakandare ne, ban karanci aikin likita ba. Abin da na sani game da wannan cuta na koye shi ne a tsakar gidana da kuma kan bencin asibiti, domin shekara shida ke nan da aka tabbatar cewa ita ce ke damun maiɗakina, bayan mun shafe kusan shekara uku muna yawon neman magani. Kamar yadda likitanta ya yi mana bayani, Allah Ya sanya wa jikin ɗan Adam garkuwa, wato sojojin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta idan sun shigo. A jikin mai lupus sojojin nan ne ke rikicewa su kasa bambance ɗan gida da baƙo, sai su auka wa jikin da aka halicce su domin su tsare shi, su taɓa fata da gaɓoɓi da jini da ƙoda da huhu da zuciya, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarta ta hanyar cin abinci tare ko kwanciya ko haɗa jiki, ba ta da dangantaka da ƙanjamau, kuma ba ciwon daji ba ce. Kimanin tara cikin kowane goma na masu fama da ita mata ne, yawancinsu tsakanin shekara 15 zuwa 45, sannan an lura cewa ta fi yawa kuma ta fi tsanani a jikin baƙar fata idan aka kwatanta da Turawa. Halinta shi ne ta tashi ta lafa: mutum ya yi makonni kamar ba shi da komai, sai kuma a wayi gari ta dawo masa gaba ɗaya.

Duk wanda yake son ya san abin da cutar nan ke yi wa mutum, to ya zo gidan mai ita da asuba a lokacin hunturu. A irin wannan lokaci maiɗakina takan farka yatsunta da wuyan hannunta sun kumbura sun sanƙare, ta yadda ko murfin buta ba ta iya buɗewa, sai ta zauna a bakin gado tana murza hannu ɗaya da ɗaya har wajen rabin awa kafin su fara sakewa. Idan ruwan sanyi ya taɓa ta, yatsun sai su yi fari fat kamar an zuƙe musu jini, daga nan su koma shuɗi, sannan su yi ja da zogi idan jinin ya fara dawowa, domin ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikinsu ne suke tsukewa. Saboda haka tun da dare nake dafa ruwa in cika filas in ajiye mata kusa da gado don alwala. Akwai ranakun da gwiwoyinta ba sa yarda ta yi ruku'u ko sujada, sai ta yi salla a zaune kan kujera. Duk wannan kuwa gari bai waye ba, ba a fara aikin yini ba tukuna. Ga yara suna jiran a yi musu wanka a ɓalla musu maɓallan rigar makaranta, ga koko da za a dama, ga 'yar ƙaramar da ke miƙa hannu a goya ta. Ɓalla maɓalli ɗaya, abin da mai lafiya ke yi ba tare da ya ko duba ba, ita sai ta gwada sau uku sau huɗu, hawaye na zuba, kafin ta kira ni ko babban ɗanmu.

Ya kamata mu tuna cewa kusan dukkan aikin da al'adarmu ta ɗora wa mace aikin hannu ne da gwiwa da ƙugu. Tuƙa tuwo da muciya, matse wanki, durƙuso gaban murhu, sharar tsakar gida a sunkuye, jan ruwa a rijiya, daka, tankaɗe, kitson 'ya'ya, goyo, duk suna faɗawa ne a kan gaɓoɓin da lupus ta fi kamawa. Maiɗakina tela ce, da keken ɗinkinta take taimaka wa gidan tun kafin mu haifi ɗanmu na fari, kuma a da idan azumi ya kama, kayan salla har rasa wurin ajiye su muke yi. Da ciwon ya yi ƙarfi sai riƙe almakashi ya gagare ta, zura zare a allura ya zama aiki, taka keke na awa ɗaya kuma ya zama kwanciyar yini guda. Ta saɓa alkawari sau ɗaya, sau biyu, masu kaya suka kwashe kayansu suka kai wani wuri, kuma ban ga laifinsu ba, domin ba wanda zai so yaransa su tashi ranar salla ba sabon kaya. Amma na ga abin da rashin sana'ar nan ya yi mata. Matar da ta saba sayen sabulunta da man shafawarta da gudummawar bikinta ba tare da ta tambayi kowa ba, ta koma sai an ba ta, wannan ya ci mata rai fiye da ciwon gaɓoɓin.

Sai dai idan ka tambayi masu cutar nan abin da ya fi takura musu, da yawa ba za su fara da ciwon gaɓoɓi ba, gajiya za su ce. A nan ne kuma harshe yake yaudararmu, domin kalmar gajiya kowa ya san ta, kowa kuma yana ganin ya san maganinta: a yi wanka da ruwan zafi a kwanta, gobe a tashi garau. Gajiyar lupus barci ba ya kore ta. Mutum zai kwana awa tara ya tashi jikinsa kamar an ɗaura masa buhun masara a kowace ƙafa, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya huta a hanya. Maiɗakina ta taɓa kwatanta mini abin da cewa kowace safiya kamar an auna mata ƙarfi ne a ɗan ƙaramin kwano, ba ta kuma san girman kwanon ba sai ta farka, don haka dole ta zauna ta yi lissafi kamar mai cefanen da kuɗinsa ba su isa ba: idan ta yi wanki, ba za ta iya girkin dare ba, idan ta je suna yau, gobe da jibi a kwance za ta yi su. A kan haka kuma akwai wata irin mantuwa da hazon tunani da ke zuwa idan ciwon ya tashi, ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone, ko ta ɗauko magana ta rasa kalmar da za ta ƙarasa da ita, ko surar da ta haddace tun tana yarinya ta kakare mata a salla. A matsayina na malami, nakan yi tunanin 'yan matan da ke zaune a ajujuwanmu da wannan hali, ana dukansu kan makara, ana yi musu kallon daƙiƙai, ga jarabawar WAEC da JAMB na tafe, babu wanda ya san jikinsu ne yake yaƙi da kansa.

Sannan ga rana. Da yawa daga masu lupus hasken rana yana tayar musu da ciwo, saboda wani ɓangare na hasken da ido ba ya gani wanda ke ratsa fata ya harzuƙa garkuwar jiki. Abin ba ya tsayawa a ƙurajen fuska kaɗai, waɗanda kan shimfiɗu bisa kumatu biyu su haye karan hanci kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Yakan jawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kasala, kuma sau da yawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu abin yake bayyana, shi ya sa mutane ba sa gane cewa ranar shekaranjiya ce ta jawo kwanciyar yau. Likita zai ce a guji rana daga hantsi zuwa la'asar. To, ina roƙon masu karatu su auna wannan shawara da ƙasarmu, inda a watan Maris da Afrilu zafi kan haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano da Katsina, inda kasuwa da rana take ci, layin ruwa da layin banki da jiran adaidaita sahu duk a rana ake yin su, shanya ma a tsakar gida take. Hijabi yana taimakawa ƙwarai wajen rufe jiki, amma fuska da bayan hannu suna waje, man kariya daga rana kuwa da ake so a riƙa shafawa kullum yana da tsadar da ba kowane gida ke iyawa ba. Mu dai mun sayi laima, mun mayar da fitarta sassafe ko bayan la'asar, na kuma kafa rumfar kwano a kan wurin wanke-wanke. Amma mu a gari muke, ina kuma da albashi komai ƙanƙantarsa. Matar ƙauye da ke zuwa gona da itace da rafi, ko yarinyar da ke yawon talla tun hantsi, wace laima za ta ishe ta?

Yanzu zan zo kan abin da ya fi yi mini nauyi, kuma dole in fara da kaina. Kafin a gano cutar, wata rana na dawo daga makaranta wajen ƙarfe biyu, yunwa na cina, na tarar ba a ko hura wuta ba, tana kwance a ɗaki. Na ce da ita cikin fushi, "Wai ke kullum ba ki da lafiya? An kai ki asibiti an ce ba a ga komai ba, me kuma kike so a yi miki?" Ba ta ce mini uffan ba, sai ta ɗago hannayenta biyu ta nuna mini, yatsun sun kumbura har zoben da ke hannunta ya nutse cikin nama, sannan ta ce, "Malam, wallahi na gwada ɗaukar tukunyar." Na nemi gafararta tun a ranar, ta kuma yafe mini, amma har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi ƙunci. Idan ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na iya faɗin haka, me ake tsammani daga waɗanda ke ganinta sau ɗaya a wata?

Mahaifiyata, Allah Ya ƙara mata lafiya, mace ce mai tausayi, amma ta tashi a zamanin da mace ke haihuwa yau, bayan arba'in ta koma daka da surfe, don haka a wurinta wanda bai kwanta rai a hannun Allah ba lafiyarsa ƙalau. Takan ce, "Yarinyar nan raki ne da ita, mu da muka haifi tara ba mu yi wannan langaɓewa ba." Dangi kuma suka fara ƙorafin cewa ba ta da zumunci, ba a ganinta a biki, ta'aziyya ma sai ta yi kwana uku kafin ta je, wasu har suka ce girman kai ne. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne maganin firedinisolon da aka ɗora ta a kai, wanda ke kwantar da ciwon amma yana sa fuska ta cika ta yi zagaye, jiki kuma ya yi nauyi. Sai masu zuwa dubiya su shigo su ce, "Ai ga ki nan sumul, har ƙiba kika yi, wane irin ciwo kuma?" Ƙurajen fuskar ma akwai waɗanda suka ce man bilicin ne ya ƙone ta, ita da ba ta taɓa shafa shi ba, da gashinta ya zube ta rame tun farko kuwa, an yi raɗe-raɗin abin da ba zan so in maimaita ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mun fi saurin faɗin karin maganar a kan yin aiki da ita idan mai ɗakin mace ce da ke cewa jikinta ba daɗi. Mahaifiyata ba ta sauko ba sai ranar da na roƙe ta ta raka mu asibiti, ta ji da kunnenta daga bakin likita, ta kuma ga sauran matan da ke kan layi. Tun daga ranar ita ke aiko ƙanwata ta taya mu wanki duk Asabar.

A kan wannan layin na asibiti na ji labaran da suka fi namu muni. Na ga matar da aka saka saboda ta yi ɓari sau uku a jere kuma "ba ta iya komai a gida", alhali cutar ce kan sa jinin wasu daga cikinsu ya riƙa daskarewa har cikin ya lalace, kuma akwai maganin da ake bayarwa domin a tsare cikin. Na ga budurwar da aka fasa aurenta ana saura 'yan makonni saboda dangin ango sun ji an ce ciwon ba ya warkewa. Ni kaina an ba ni shawarar in mayar da maiɗakina gidansu ta yi jinya in nemi wata. Ƙara aure halal ne, ba kuma shi nake magana a kai ba; abin da nake cewa shi ne rashin imani ne a jefar da mace a lokacin da ta fi buƙatar wanda zai miƙa mata ruwa. Ya kamata kuma a sani cewa mai lupus tana iya aure, tana iya haihuwa lafiya, matuƙar an tsara ɗaukar cikin tare da likita, a bari sai ciwon ya lafa na kimanin wata shida, a kuma canza mata magungunan da ke iya cutar da ɗan tayi. 'Yar autarmu bayan an gano cutar aka haife ta.

Shekaru ukun da muka ɓata kafin a gane abin da ke damunta su ne suka fi yi mata illa, kuma ina jin haka labarin yake a gidaje da yawa. Duk lokacin da zazzaɓi ya zo sai a ce maleriya ce, in bai sauka ba a ce taifot, a yi allurai a ƙara ruwa, a samu sauƙin mako biyu abin ya dawo. Tsakanin haka kuma muna sayen magungunan rage ciwo, dikulofenak da ibufurofen, a kemis tana sha kamar gyaɗa don ta samu ta yi aikin gida, ba mu san cewa yawan shan su yana iya lahanta ƙoda ba, ita kuwa ƙoda dama tana cikin wuraren da lupus ta fi yi wa ɓarna a ɓoye. Mun je wurin masu maganin gargajiya, an ba mu jiƙe-jiƙe da turare, an ce mana sammu ne. Sai da ƙafafunta suka kumbura, fuskarta ta riƙa tashi da safe, fitsarinta ya riƙa kumfa, sannan wani matashin likita ya zauna ya saurari labarin tun daga farko, ya haɗa zazzaɓin da ciwon gaɓoɓin da zubewar gashin da gyambon da ke fito mata a ganda, ya tura mu wani babban asibitin koyarwa inda aka yi mata gwajin jinin da ake kira ANA da wasu gwaje-gwajen, aka tabbatar. Don haka ina kira ga duk wanda ke da 'ya ko ƙanwa ko mata da ke fama da zazzaɓin da ba ya jin magani tare da ciwon gaɓoɓi da ƙurajen da rana ke tayarwa da zubewar gashi, ya daina zagaye, ya nemi a tura su wurin likitan gaɓoɓi da garkuwar jiki, ya kuma roƙi a duba fitsari, domin gwaji ne mai araha da ke iya nuna matsalar ƙoda tun kafin ta kai ga wankin ƙoda.

An daɗe ana ɗauka a duniyar likitanci cewa cutar nan ba ta cika samuwa a Afirka ta Yamma ba, sai da likitocin gaɓoɓi na ƙasar nan irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas suka shiga rubuta bayanan marasa lafiyar da suke gani, sannan aka fara fahimtar cewa rashin ganowa ne ya ɓoye ta. Kuma gano ta da wuri yana da amfani na gaske. A shekarun 1950 kusan rabin waɗanda aka gano suna da ita ba sa wuce shekara biyar, amma yau a ƙasashen da magani ya wadata kimanin tara cikin goma suna haura shekara goma, da yawansu kuma suna aikinsu suna renon 'ya'yansu. Ba a kai ga maganin da ke raba mutum da ita gaba ɗaya ba, amma ana iya danne ta. Ginshiƙin maganin shi ne haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani na zazzaɓin cizon sauro, wanda ake sha kullum, ana kuma duba ido lokaci-lokaci saboda shi. Ba zan manta da shekarar 2020 ba, lokacin da shugaban Amurka na wancan lokaci Donald Trump ya yaba maganin a matsayin na korona, mutane suka yi rububinsa, ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, har na yi kwana biyu ina bin shagunan magani kafin in samu na wata ɗaya. Firedinisolon kuwa, duk da amfaninsa, idan aka daɗe ana sha da yawa yana kawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi da yanar ido, sannan haɗari ne babba a daina shi farat ɗaya ba da izinin likita ba. Ina jaddada wannan ne domin na san waɗanda aka ce musu su ajiye maganin asibiti su koma na gida, suka dawo a galabaice. Addu'a da ruƙiyya muna yin su kullum, ba su kuma taɓa hana mu shan magani ba, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta.

Jinyar ma kanta aiki ce da ke cin yini. Ranar ganin likita mukan fita bayan sallar asuba mu shiga mota, mu bi layin kati, mu bi layin gwaji, mu jira likita, mu bi layin magani, ba ma dawowa gida sai magariba, washegari kuma a kwance take wuni. Likitocin wannan fanni kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Kuɗin mota da na gwaji da na magani duk wata daga aljihu suke fita, ga mai sana'ar da ke taimakawa ta daina samu. A shekarar 2022 an sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya ga 'yan Najeriya, jihohi da dama kuma suna da nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya. Roƙona gare su shi ne su tabbatar magungunan lupus da gwaje-gwajenta suna cikin abin da ake biya wa talaka, domin kuɗin ƙwayar da za ta tsare ƙoda bai kai ko kusa da na wankin ƙoda ba. Haka nan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin a fara sauraronsu a layi. A ganina wanda ciwo mai daɗewa ya hana shi tsayuwa a rana ya cancanci wannan sauƙi ko da ba ya riƙe da sanda, kuma shugabannin ma'aikatu da na makarantu suna iya yin abubuwa da yawa ba tare da kashe ko kwabo ba: a ɗauke wa malama mai lupus tsayuwar taron safe a fili, a ba ta darussan da ba na farkon safiya ba, a bar ɗaliba ta zauna a inuwa, a karɓi takardar likita ba tare da an bi ta da baƙar magana ba.

Malamanmu na addini ma suna da rawar da za su taka, domin a wurin ibada ne masu wannan ciwo suka fi jin kunya da damuwa. Azumin farko da likita ya hana maiɗakina yi saboda ƙodarta, kullum sai ta yi kuka, tana ɓoyewa ta sha magani kamar mai aikata laifi, don kada yara ko maƙwabta su gani su ce ga ta garau tana ci da rana. Alhali Allah da kanSa Ya yi rangwame ga mara lafiya a cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, Annabi kuma ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Sai da wani malami a unguwarmu ya zaunar da ita ya karanta mata waɗannan, ya yi mata bayanin ramuwa da ciyarwa da taimama, sannan hankalinta ya kwanta. Da za a riƙa faɗin haka a wuraren tafsiri da makarantun Islamiyya na matan aure, a kuma ambaci cewa akwai cututtukan da ba a ganinsu a fuska, da an sauke wa mata da yawa nauyi.

Alhamdu lillahi, yau ciwon maiɗakina ya lafa fiye da da, ƙodarta ta daidaita, ko da yake hunturu da bazara ba sa wucewa ba su taɓa ta ba. Ta koma ɗinki, amma kaya uku kawai take karɓa a mako, da yamma take yi, mun kuma sa wa keken mota domin ta huta da takawa. Babban ɗanmu ya iya dama koko, ni kuma na iya tuƙa tuwo, ba na kuma ɓoye wa kowa.

Ya Edita, ranar 10 ga watan Mayu ta kowace shekara ita ce ranar lupus ta duniya, tun daga 2004 ake kiyaye ta. Ina roƙon wannan jarida, kafin ranar ta zagayo, ta tura wakilinta, zai fi kyau a ce mace ce, zuwa ɗaya daga asibitocin koyarwa na Arewa a ranar da ake ganin masu ciwon gaɓoɓi, ta zauna a kan benci tare da matan nan ta tambaye su yadda suke wayar gari, sannan a tattauna da likita a buga bayaninsa da Hausa. Ina kuma roƙon gidajen rediyonmu su ɗauki zancen, domin matan da suka fi buƙatarsa suna cikin ɗaki a kwance, rediyo ce kusa da kansu.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani malamin makaranta,
Funtuwa, Jihar Katsina.